Mai Riƙon Igiya

Daren da babu ƙwallo a gidan kallon Nomau,
an riga an zuba wa janareta mai,
sai yaronsa ya saka mana fim
na mutanen da suka je wata suka dawo.
Na biya ne don benci kawai,
ƙafafuna sun gaji da tsayuwa bakin rami.

Sun tsufa yanzu, fatar wuya ta saki,
suna zaune suna ba da labari da hannuwa.
Malam Sahabi na firamare yana juya mana Turancin,
abin da ya kama ya miƙo,
abin da ya kufce ya bi hayaƙin janareta.

Muka gan su cikin fararen kaya, sun kumbura
kamar buhun auduga ya yi ƙafa,
suna tsalle, ƙasar ba ta son riƙe su.
Can bayansu duniya,
dunƙulen shuni a cikin baƙar tukunya.
Na nemi Bagega ban ga ko Anka ba.

Mande ya ɗaga murya daga baya:
"To, mi sunka samo?"
Malam ya ce, duwatsu.
"Da zinari ciki?"
Malam ya ce, babu.
Ɗakin ya fashe, har da masu buga cinya.
Mu da muke niƙa dutse kafin mu ci tuwo,
a ce mutum ya wuce gajimare
ya dawo da abin da muke zubarwa bayan gari.

Ni ban yi dariya ba.
Uku suka tafi, in ji Malam, biyu suka sauka.
Ɗayan ya zauna cikin jirgi yana kewayawa,
in ya shiga bayan wata murya ta yanke,
ba na gida, ba na abokan tafiya.
Ba sawunsa a ƙasar can.
Shi kaɗai na kalla har tsohon ya gama magana,
yadda yake murza yatsu
kamar har yau akwai abin da bai saki ba.

Na san wannan hannun.

Gaba goma sha huɗu raminmu yake,
ƙanena Lawwali ke shiga, ni ke riƙe igiya.
Ja ɗaya, turo guga.
Ja biyu, ɗauke kaya.
Ja uku, iska ta ƙare, fitar da ni.
Ba wanda ya taɓa tambayata me na gani,
me zan gani? Igiya da tafin hannuna.
Amma a daminar bara ta yi shiru,
ba ɗaya, ba biyu, ba uku,
shirun da ya isa a yi alwala a idar da salla.
Ina ja ina haɗa maganar da zan gaya wa Inna,
ina ja tana wargajewa.
Ya fito kamar jiƙaƙƙen tsumma.
Sai da aka kwara masa ruwa ya yi tari,
ya tambayi ina takalminsa.

Man ya ƙare kafin su dawo gida.
Allon ya mutu suna tsakanin sama da ƙasa,
Nomau ya rantse sun iso lafiya,
ai ga su nan sun tsufa a gabanmu.

Muka fito. Wata ya yi kwana goma sha uku,
yana tsaye daidai kan hanyar Anka.
Lawwali na tafe yana ɓare gyaɗa,
ya nuna shi da haɓa, ya ce:
"Yaya, haka bakin rami yake daga ƙasa.
Fari, zagaye, nesa.
Wancan baƙin tabon da ke cikinsa kuwa,
kanka ne, in ka leƙo."

Ban amsa ba.
Gobe da asuba akwai saƙar da zan duba,
wajen gaba na tara ta fara cinyewa.